JOHN DUNS SCOTUS: SHEHIN MALAMIN DA SUNANSA YA ZAMA ZAGI

Duk wanda ya taɓa zama a ajin makarantar boko, ko ya yi cuɗanya da masu jin Turanci a nan Kurmi, da wuya a ce bai taɓa jin an kira wani dunce ba. Ana furta kalmar kamar a ce dans. Malamin makaranta ya kan jefi yaron da ya kasa lissafi da ita, yara kuma su kan tsokani junansu da ita in sakamakon jarrabawa ya fito. Ma'anarta da Hausa ita ce daƙiƙi, watau wanda karatu ba ya shiga kansa. To amma abin da mutane da yawa ba su sani ba, har cikin masu Turancin, shi ne wannan kalma sunan mutum ce. Mutumin kuwa yana cikin malaman da suka fi kowa kaifin basira a ƙasar Turai a zamaninsa. Sunansa John Duns Scotus. Tarihinsa za mu kawo muku yau, don akwai abin da ya shafe mu a ciki, mu 'yan Arewa mazauna Kudu.

WAUTA IRI-IRI CE

Kafin mu shiga tarihin, ya kamata mu bambanta kalmomin, gama wauta iri-iri ce. Bahaushe yana da wawa, da sakarai, da gaɓo, da dolo, da shashasha, da daƙiƙi, kowanne da inda a ke sa shi. Jahili kuwa daban ya ke, shi dama ce bai samu ba ta karatu. Haka Bature ma ya ke da nasa. Kalmar fool, wadda ta yi daidai da wawa, ta samo asali daga kalmar Latin ta zugazugi, watau jakar fata wadda ba kome a cikinta sai iska. Kalmar idiot daga harshen Girka ta fito, da can ana nufin mutumin da ba ya riƙe da wani muƙami a sha'anin jama'a, daga baya ta koma marar ilmi, sa'an nan ta koma marar hankali. Kalmar stupid asalinta wanda ya ɗimauce ne, kamar an buga masa kulki a ka. Kalmar silly kuwa, abin mamaki, a tsohon Turanci tana nufin mai albarka ko mai sa'a.

Ita dunce wurin zamanta makaranta. Ba a faɗa wa wanda ya yi asarar kuɗinsa a caca, ko wanda aka yaudara a kasuwa. Wannan shi ne a ke kira mumu a Turancin buroka. Ana faɗa wa wanda aka koya masa abu aka sake koya masa bai gane ba, irin wanda maƙwabtanmu Yarabawa ke kira olodo, mai cin sifiri a jarrabawa. A cikin dukan waɗannan kalmomi kuwa, ita kaɗai ce aka ciro daga sunan wani mutum sananne.

HAIHUWA DA KARATU

An haifi John a ƙarshen shekarar 1265 ko farkon 1266, a wani ɗan gari mai suna Duns a kudancin ƙasar Sikotilan, kusa da iyaka da Ingila. Kun ga ke nan Duns sunan garinsu ne, kamar yadda mu ke cewa Malam Audu Azare ko Malam Garba Ningi. Scotus kuwa da Latin yana nufin mutumin Sikotilan. Don mai karatu ya gane nisan zamanin, an haife shi fiye da shekara 540 kafin Malam Yakubu ya kafa birnin Bauchi a 1809, kuma ya rasu tun Mansa Musa na Mali bai yi shahararren aikin hajjinsa na 1324 ba.

Tun yana yaro ya shiga ɗariƙar Faransis, wata ƙungiya ta masu ibada a cikin ɗariƙar Katolika wadda Faransis na garin Assisi a Italiya ya kafa a 1209. 'Yan wannan ƙungiya sun ɗauki alkawarin zama cikin talauci. Ba sa aure, ba sa mallakar dukiya, da sadaka su ke rayuwa, suna sa riga mai kaushi su ɗaura igiya a ƙugu. Ko da ya ke addini daban ne, wanda ya san rayuwar almajirin da ya bar garinsu don neman ilmi zai gane irin zaman da su ke yi.

Rana ta farko da aka tabbatar a tarihinsa ita ce 17 ga Maris 1291, ranar da Bishop Oliver Sutton ya naɗa shi limamin coci a garin Northampton na Ingila. A lokacin ba a naɗa mutum sai ya cika shekara 25, kuma daga nan ne masana suka lissafo shekarar haihuwarsa. A Jami'ar Okisfod ya yi dogon karatunsa. Karatun ilmin sanin Allah a wannan jami'a ya kan ci kamar shekara 13, bayan ɗalibi ya riga ya ƙware a nahawun Latin da manɗiƙi da falsafa. A watan Yuli na 1300 sunansa ya sake bayyana a takarda, cikin jerin 'yan ƙungiyarsu na Okisfod waɗanda aka nema wa izinin sauraron masu zuwa neman tuba.

Yadda a ke karatu a jami'o'in wannan zamani ya yi kama da karatun zaure. Akwai wani babban littafi mai kashi huɗu, wanda Peter Lombard, bishop na birnin Faris, ya tara maganganun magabata a ciki wajen shekarar 1150. Duk mai son a kira shi malami sai ya bi ta kan wannan littafi yana sharhi a gaban ɗalibai, kamar yadda malamanmu ke bi ta kan Risala da Muhtasar. Ban da wannan kuma akwai muƙabala. A kan ɗora tambaya, a kawo hujjojin masu cewa i, a kawo na masu cewa a'a, sa'an nan malami ya yanke, ya kuma warware hujjojin da ya ƙi ɗaya bayan ɗaya. A wannan fage ne John ya yi fice. In ya kama mas'ala sai ya tsaga ta gida-gida, ya nuna bambanci a inda kowa ke ganin abu ɗaya ne. Saboda haka aka yi masa laƙabi da Latin wanda ke nufin malami mai zurfin nazari, mai hango abin da ya fi gashi siranta.

FARIS DA FITINAR SARKI

A shekarar 1302 shugabanninsa suka tura shi Jami'ar Faris a ƙasar Faransa, wadda ita ce uwar jami'o'in Turai a fannin ilmin addini. Bai cika shekara guda a can ba fitina ta same shi.

Ga yadda abin ya faru. Sarkin Faransa, Filibus na 4, yana bukatar kuɗin yaƙi da Ingila, sai ya ɗora wa malaman coci da dukiyar coci haraji. Fafaroma Bonifas na 8 ya hana a 1296, rigima ta yi ta ruruwa shekara da shekaru, har a 1302 Fafaroma ya fito da wata takarda wadda ta sa ikonsa bisa na sarakuna. Sarki ya fusata, ya nemi a kira babban taro a tuɓe Fafaroma. A watan Yuni na 1303 jami'an sarki suka shiga gidan 'yan ɗariƙar Faransis da ke Faris, suka riƙa tambayar kowa ɗaya ɗaya ko yana bayan sarki. Aka rubuta sunayen waɗanda suka yarda, aka rubuta na waɗanda suka ƙi. Sunan John yana cikin waɗanda suka ƙi, aka kuwa ba su kwana uku su bar ƙasar.

A duba fa, shi baƙo ne a ƙasar, ba shi da dangi, ba shi da dukiya, kuma ya kusa kai ga matsayin da ya yi shekaru yana nema. Da ya sa hannu da ya zauna lafiya. Duk wanda ya san zaman baƙunta, inda hukuma ke iya tashinka da tsakar rana ta ce ka kwashe kayanka, ya san nauyin abin da wannan mutum ya zaɓa.

Bonifas ya rasu a watan Oktoba na 1303, bayan mutanen sarki sun kai masa hari a garin Anagni. Da ƙura ta lafa aka bar korarrun suka komo a 1304. A watan Nuwamba na wannan shekara shugaban ƙungiyarsu na duniya, Gonsalvus mutumin Sifen, wanda ya san shi tun da daɗewa, ya rubuta takarda yana yaba halinsa da ilminsa da kaifin basirarsa, yana umartar a gabatar da shi don babban digiri. A 1305 ya zama cikakken shehin malami a Jami'ar Faris. A nan ne ya zauna irin muƙabalar nan da a ke yi sau biyu a shekara, wadda kowa ke da izinin ya tashi ya yi wa malami kowace irin tambaya ya ga dama. Tambayoyi 21 da amsoshinsa na wannan zama suna nan a rubuce har yau.

ABIN DA YA KOYAR

Masu karatunmu za su so su ji cewa wannan malami ya sha daga rijiyar malaman Musulunci. A ƙarni na 12 an fassara littattafan falsafa da yawa daga Larabci zuwa Latin, musamman a birnin Toledo na ƙasar Sifen. Ta haka Turawa suka san Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, da Ibn Rushd na Kurɗuba, wanda ya rasu a 1198. John yana yawan ambaton su biyun a littattafansa. Da suka saɓa a kan wane fannin ilmi ne ya dace a kafa hujjar samuwar Allah da shi, Ibn Rushd ya ɗauki hanyar nazarin motsin halittu, Ibn Sina ya ɗauki hanyar nazarin samuwa ita kanta. John ya bi Ibn Sina.

Abubuwa uku za mu ambata daga koyarwarsa. Na farko, ya koyar da cewa in mun ce Allah akwai shi, muka kuma ce mutum akwai shi, dole kalmar samuwa ta riƙe ma'ana ɗaya a tushenta, ko da ya ke samuwar Allah ba ta da iyaka, ta mutum kuwa mai iyaka ce. In ba haka ba, a ganinsa, duk hujjar da aka ɗauko daga halitta don a san Mahalicci ta rushe, domin kalmar ta sake ma'ana a tsakiyar hanya. A nan ya saɓa wa manyan da suka riga shi, irin su Thomas Aquinas wanda ya rasu a 1274.

Na biyu, ya tsaya a kan cewa nufin ɗan Adam yana da 'yanci na gaske. Wuta in ta samu busasshen kara ba ta da zaɓi sai ta ci. Amma mutum, ko hankalinsa ya nuna masa abu, yana da ikon ya yi ko ya bari, kuma saboda wannan iko ne a ke yaba masa ko a zarge shi.

Na uku shi ne wanda ya fi shahara. A ɗauki goro biyu daga huhu ɗaya, girmansu ɗaya, launinsu ɗaya, ɗanɗanonsu ɗaya. Dukansu goro ne, sun yi tarayya a wannan. To me ya sa wannan ya zama wannan, wancan ya zama wancan? Daga Ibn Sina ya ɗauko batun ɗabi'ar da 'yan jinsi ɗaya suka yi tarayya a kai, sa'an nan ya ƙara nasa, cewa kowane abu yana da wani sirri na kansa wanda ya sa ya zama shi, ba waninsa ba, wanda ba ya rabuwa kuma ba a tarayya a cikinsa. An ƙera wa wannan sirri suna daga kalmar Latin mai nufin wannan. Da Hausa sai mu ce wannantaka. Watau kowane mutum shi kaɗai ne irin kansa, jinsinsa ko ƙabilarsa ba su ƙare bayaninsa ba. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu komo gare shi.

RASUWARSA

A shekarar 1307 aka ɗauke shi daga Faris aka tura shi ya koyar a makarantar ƙungiyarsu da ke birnin Kolon na ƙasar Jamus. Bai daɗe a can ba ajali ya same shi, ran 8 ga Nuwamba 1308, yana da shekara 42 da 'yan watanni. An binne shi a cocin 'yan ƙungiyarsu a Kolon, kabarinsa yana nan har yanzu, da rubutu wanda ya ambaci wurare huɗu na rayuwarsa, watau Sikotilan da Ingila da Faransa da Kolon.

Mutuwar ta zo masa yana tsakiyar aiki. Babban littafinsa, sharhin nan da ya fara a Okisfod, bai gama gyara shi ba. Almajiransa suka tattara takardunsa, suka cike giɓi da abin da suka rubuta a darasi, har daga baya aka jingina masa waɗansu littattafan da ba nasa ba. Wannan ya ƙara wa rubutunsa wuya, rubutun da dama can ba mai sauƙi ba ne. Duk da haka mabiyansa suka yawaita, har suka zama mazhaba guda a jami'o'in Turai, suna ja da mabiyan Thomas Aquinas. Kusan shekara 200 sunan Duns yana nufin ƙoluluwar ilmi.

YADDA SUNA YA ZAMA ZAGI

Sai zamani ya juya. Wajen 1450 aka ƙago injin ɗab'i a Jamus, littattafai suka yawaita. Wata sabuwar tafiya ta ilmi ta taso daga Italiya ta bazu, masu ita suna kira a koyi harshen Girka da Ibrananci, a koma ga littattafan asali a karanta su kai tsaye, a bar sharhi a kan sharhi. Mabiyan Duns, waɗanda ke riƙe da kujerun jami'a, da yawansu suka ƙi. Suka tsaya a kan tsohuwar hanya, suka yi gaba da sabon karatu. Waɗansunsu kuma sun gaji salon malaminsu ba su gaji basirarsa ba, sai tsage gashi a kan tambayoyin da ba su da amfani ga kowa.

Masu sabon ilmi suka sa su a gaba da ba'a. Erasmus mutumin Holan, a wani littafinsa na shaguɓe a kan wauta wanda aka buga a 1511, ya ambace su cikin waɗanda ya yi wa dariya. A Ingila kuma William Tyndale, wanda ya fassara Linjila zuwa Turanci, ya riƙa kiransu mutanen Duns da nufin zagi. Sa'an nan siyasa ta shigo. A 1534 Sarki Henry na 8 ya raba cocin Ingila da Fafaroma, duk abin da ke da ƙanshin tsohon tsari ya zama abin ƙi. A 1535 aka aika wani jami'i, Richard Layton, ya binciki Jami'ar Okisfod. A rahoton da ya aika wa Thomas Cromwell, babban wazirin sarki, ya yi alfahari da cewa an kori Duns daga jami'ar, an kafe takardun littattafansa a makewayi, iska kuma tana wasa da sauran a filin wata kwaleji, har wani mai farauta yana tsince su don ya rataya a daji ya tsorata barewa. Wannan fa a jami'ar da mutumin ya yi karatu ya kuma koyar.

Daga nan kalmar ta yi ta gangarowa mataki mataki. Da fari Duns na nufin mabiyin wannan malami. Sai ta koma mai gardamar banza, mai tsage gashi. Sai ta koma mai taurin kai wanda ya ƙi sabon ilmi. Kafin shekarar 1600 ta riga ta zama wanda ba ya iya koyon kome. Rubutunta ma ya sake, aka mai da ita dunce da ƙaramin baƙi, aka manta da mai sunan. A 1728 mawaƙin Ingila Alexander Pope ya wallafa wata doguwar waƙar zambo mai suna The Dunciad, inda ya yi wa marubutan da ya raina kaca-kaca, wannan ya ƙara kafa kalmar a bakin mutane.

Daga baya aka sami hular daƙiƙi a makarantun Ingila da Amurka, wata doguwar hula ta takarda mai tsini, wadda a kan sa wa yaron da ya kasa karatu a tsai da shi a lungun aji 'yan uwansa suna kallo. Marubuci Charles Dickens ya ambace ta a wani littafinsa da ya fara fitowa a 1840. Faransawa su tasu hular kunnuwan jaki gare ta. Akwai labarin da a ke yaɗawa wai Duns da kansa ne ya ƙago hula mai tsini don ilmi ya riƙa zuba cikin ka, amma ba a sami wannan a cikin littattafansa ba. Makarantu sun daɗe da barin wannan horo, don an gane kunyata yaro ba ya buɗe masa kai.

Ga wani abin lura ga masu Larabci. Kalmar daƙiƙ a Larabce tana nufin abu siriri mai zurfi wanda sai mai basira ke gane shi, daga gare ta ne muka sami daƙiƙa ta agogo. Da za a fassara laƙabin wannan malami zuwa Larabci, da wannan kalma za a yi. A kunnen Bahaushe kuwa ba ta da nisa da daƙiƙi.

GASKIYA TA YI HALINTA

Zagin Ingila bai kashe ilminsa ba. A ƙasashen Katolika an ci gaba da karantar da mazhabarsa, har a 1639 wani malami ɗan Ailan, Luke Wadding, ya buga littattafansa a birnin Liyon na Faransa cikin juzu'i 12. Wata mas'ala da ya kare a lokacin da manyan malamai da yawa ke ƙin ta, watau cewa Maryamu uwar Annabi Isa ta kuɓuta daga abin da Kirista ke kira zunubin gado tun daga cikin mahaifiyarta, ita ce cocin Katolika ta mayar aƙidarta a 1854. A 1950 aka fara fitar da sabon bugu na littattafansa a Batikan, wanda aka tace aka raba nasa da wanda ba nasa ba. A 1966, cikar shekara 700 da haihuwarsa, aka kafa masa mutum-mutumi a garin Duns. Ran 20 ga Maris 1993 kuma Fafaroma John Paul na 2 ya tabbatar da shi cikin masu albarka, matakin da ke ƙasa da na waliyyi a wurinsu. Yau ana karanta shi a sassan falsafa na jami'o'i, har da Okisfod ɗin da ta watsar da takardunsa.

MALAM DA ABOKI

To jama'a, ina abin ya shafe mu? Duk wanda ke zaune a Agege ko Idi-Araba ko Mil 12 a Ikko, ko Sabo a Badun, ya san yadda a ke kiranmu. Kalmar malam daga Larabci ta fito, mu'allim, mai koyarwa, kuma a gida ba a ba mutum ita sai don girmamawa. Aboki kuwa kowa ya san daɗinta a bakin Bahaushe. Amma a bakin waɗansu a nan, malam ya zama duk mai gadi ko mai canjin kuɗi, aboki ya zama duk mai gyaran takalmi ko mai turin baro, har wani in yana so ya ce wa ɗan uwansa wawa sai ya kira shi aboki. Hanyar da sunan Duns ya bi ita ce waɗannan kalmomi biyu ke bi a gaban idonmu.

Tarihin nan ya nuna cewa ma'anar da zagi ya ɗauka labarin rigimar da aka yi ne da wanda ya fi ƙarfin baki a lokacin, ba ya auna mai sunan. Birnin Bauchi kaɗai ya isa shaida. Malam Sa'adu Zungur, wanda ya haɗa ilmin Larabci da na boko, ya zo karatu Babbar Kwalejin Yaba a 1934, ya kuma komo Ikko a 1948 ya riƙe sakataren jam'iyyar NCNC, kafin rasuwarsa a 1958. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa malamin makarantar Midil ne a Bauchi kafin ya zama Firayim Minista a 1957, kuma saboda daɗin Turancinsa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. Su biyun da Malam a ke kiransu, kuma a nan Ikko suka nuna abin da kalmar ke nufi.

Sai dai akwai gefe biyu da bai kamata mu kau da kai daga gare su ba. Na ɗaya, mabiyan Duns suna da nasu laifin. Malaminsu ya ɗauki ilmi daga Girkawa da Larabawa bai ji kunya ba, su kuwa da sabon ilmi ya zo sai suka rufe ƙofa, suka ba maƙiyansu sandar dukansu. Wanda ke zaune kusa da makaranta a nan Kudu ya bar ɗansa yana yawo, ba allo ba boko, yana taimaka wa masu ɓata sunan ne. Na biyu, mu ma muna yi wa waɗansu. In mutum bai iya Hausa ba mu kan ce yana gwaranci, mun mai da sunan ƙabila guda ya zama aibi. Sunan da mu ke kiran Ibo da shi ma, da yawansu ba sa jin daɗinsa. Wanda ba ya so a yi masa, kada ya yi wa wani.

A nan ne koyarwar nan ta goro biyu ta ke da amfani. Mai gadin da a ke kira aboki yana da sunan yanka, yana da gari, yana da iyaye, wataƙila ma ya haddace Alƙur'ani. Haka shi ma wanda mu ke haɗawa da dukan ƙabilarsa a suna ɗaya. Kowane ɗayansu shi ne shi, ba waninsa ba. Saboda haka in an kira ka malam, amsa da sakin fuska, sunan girma ne tun asali, sa'an nan ka gaya wa mai kiran sunanka na gaskiya, ka kuma tambayi nasa. In kuma ɗanka ya komo daga makaranta yana kuka an ce masa dunce, ka zaunar da shi ka gaya masa ko wane ne mai sunan, sa'an nan ka sa shi ya ɗauko littafinsa ku duba inda ya kasa.

Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu.